Yadda Za Ka Tura Waƙoƙi Zuwa MP3, Waya Ko iPod Daga Kwamfuta Mai Linux

Yau za mu duba matsalar da ke tarar kusan duk wanda ya baro Windows ya koma Linux. Wani ya sayi laftof ne ya same ta da Ubuntu a kai, wani yana koyon rubuta manhaja aka ce ya ɗora, wani kuma tsohuwar kwamfutarsa ce ba ta ɗaukar Windows 11, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sai mutum ya jona ɗan MP3 ɗinsa ko wayarsa zai tura waƙa, ya nemi "This PC" bai gani ba, ya nemi E: ko F: babu su, iTunes ma babu labarinsa. A nan ne wasu ke yanke hukuncin cewa Linux ba ta aiki da irin waɗannan na'urori. Wasu kuma garin gwaje-gwaje su yi wa memorinsu fomat, waƙoƙi da karatuttukan da suka daɗe suna tarawa su tafi a banza.

Abin da za ka riƙe daga wannan darasi guda ɗaya ne: na'urar da ka jona ce ke nuna maka hanyar da za ka bi. Na'urorin sauraren waƙa kashi uku ne wajen yadda suke hulɗa da kwamfuta. Akwai masu buɗewa kamar filas, akwai masu amfani da tsarin MTP, akwai kuma iPod mai nasa kundin. Da zarar ka gane kashin da taka ta faɗa, sauran aikin na minti kaɗan ne. Za mu yi misali da Ubuntu, amma wanda ke kan Linux Mint ko Zorin OS zai iya bin matakan nan yadda suke, don su biyun daga Ubuntu aka gina su.

Inda abubuwa suke a Linux

Abin da ka sani da File Explorer a Windows, a nan sunansa "Files", alamarsa hoton folda ne a gefen allo. Cikinsa za ka ga folda mai suna "Music", nan ne ya fi dacewa ka tara waƙoƙinka kafin ka fara turawa. Kwafa da liƙawa duk ɗaya ne da wanda ka saba: Ctrl da C, sannan Ctrl da V, ko ka ja fayil da linzami ka saki inda kake so.

Babban bambancin shi ne Linux ba ta ba na'ura harafi. Idan ka jona filas ko memori, sunansa zai fito a jerin da ke hagu cikin "Files", ainihin mazauninsa kuma yana /media/ sai sunan da kake shiga kwamfutar da shi, sai sunan memorin. Idan sunanka a kwamfutar musa ne, memorin kuma sunansa WAKOKI, adireshinsa zai zama /media/musa/WAKOKI.

Abu biyu kuma za su yi maka amfani nan gaba. Ctrl da H yana nuna ɓoyayyun fayiloli, wato waɗanda sunansu ya fara da ɗigo. Ctrl da Alt da T kuma yana buɗe "Terminal", baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Kada ya tsorata ka, umarnin da za mu rubuta ba su da yawa, kuma za a bayyana aikin kowanne.

Gano irin na'urar da ke hannunka

Jona na'urar, ka ba ta kamar daƙiƙa goma, sannan ka buɗe "Terminal" ka rubuta:

lsusb

Wannan zai jero duk abin da ke jone da kwamfutar ta kafar USB. Ka cire na'urar ka sake rubuta umarnin. Idan jerin bai canza ba, kwamfutar ba ta ga na'urar ba sam, kuma galibi laifin kebul ne. Cikakken kebul na USB 2.0 yana da wayoyi huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na bayanai. Yawancin kebul masu arha da ke zuwa da fitila ko sifika ko fawa bank wayoyin wuta kawai gare su, za su yi caji amma ba za su tura ko fayil ɗaya ba. Canza kebul kafin ka taɓa wani saiti.

Idan na'urar ta fito a jerin, sai ka rubuta:

lsblk

Wannan yana nuna ma'adanan da kwamfutar ke gani. Ma'adanar kwamfutar kanta yawanci sda ce ko nvme0n1. Idan ka ga wata sabuwa kamar sdb ko sdb1 mai girman memorinka, na'urarka irin filas ce. Idan ka buɗe ta ka tarar da folda mai suna iPod_Control, to iPod ne, kada ka jefa masa waƙa tukuna. Idan kuwa ta fito a lsusb amma babu ita a lsblk, kusan tabbas mai MTP ce, kamar wayar Android.

Kashi na farko: na'ura mai buɗewa kamar filas

Nan ƙananan MP3 na kasuwa suka faɗa, da memorin da ake sa wa sifika mai Bluetooth, da rediyo mai kafar memori, da filas ɗin mota. Wannan kashin ba ya buƙatar kowace manhaja. Buɗe "Files", danna sunan na'urar a hagu, ka liƙa waƙoƙinka. Idan na'urar tana da folda mai suna MUSIC tun daga kamfani, zuba a cikinta, don wasu nan kawai suke dubawa.

Sai dai akwai wurare huɗu da sabon shiga ke tuntuɓe.

Na ɗaya, cire na'ura da gaggawa. Linux takan tara bayanan da kake turawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana rubuta su a memori sannu a hankali. Don haka layin da ke nuna ci gaban kwafa zai iya cika alhali rubutun bai ƙare ba. Idan ka fizge kebul a lokacin, za ka samu waƙoƙi masu yankewa a tsakiya ko fayiloli marasa komai a ciki. Kullum ka danna alamar fitarwa da ke kusa da sunan na'urar, ka jira saƙon da ke cewa za ka iya cirewa. Idan kana son ƙarin tabbaci, rubuta sync a "Terminal". Ba zai ba ka sabon layi ba sai an gama rubuta komai.

Na biyu, gogewa. Idan ka danna Delete a kan waƙar da ke cikin memori, Linux ba ta goge ta nan take. Takan mayar da ita wata ɓoyayyar folda mai suna .Trash-1000 a cikin memorin. Shi ya sa za ka goge waƙa ɗari amma wuri bai ƙaru ba, wani lokaci ma sifikar ta ci gaba da kunna waƙoƙin da kake ganin ka goge. Danna Ctrl da H za ka ga foldar, ka goge ta. Nan gaba ka riƙa amfani da Shift da Delete, amma ka sani abin da ka goge ta wannan hanya ba ya dawowa.

Na uku, fomat. Ƙananan MP3 da sifiku mafi yawansu FAT32 kawai suke karantawa. Memori mai girman 32GB zuwa ƙasa da FAT32 yake zuwa, wanda ya haura haka kuma da exFAT. Linux tana karanta exFAT kai tsaye tun fitowar kernel 5.4 a ƙarshen 2019, don haka kwamfutarka za ta buɗe memori mai 64GB lafiya lau, amma sifikar ta ce ba ta ga komai ba. Maganin shi ne ka mayar da shi FAT32. Ka fara kwashe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, don fomat ba ya barin komai. Sannan ka buɗe manhajar "Disks", ka zaɓi memorin a hagu, ka duba girmansa sau biyu don kada ka zaɓi ma'adanar kwamfutarka, ka danna alamar saiti, ka zaɓi "Format Partition". A cikin zaɓuɓɓukan, ɗauki wanda ya ce "For use with all systems and devices", shi ne FAT. Kada ka ɗauki Ext4. Wannan na Linux ne, kuma MP3 ko rediyon mota ba za su gane shi ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, amma waƙa ba ta kusantar wannan girman. Haka kuma ba ya karɓar sunan fayil mai alamar tambaya, ko ɗigo biyu na sama da ƙasa, ko tauraro. Idan kwafa ta tsaya a kan fayil ɗaya, fara duba sunansa.

Na huɗu, jerin waƙoƙi. Na'urori masu arha da dama ba sa bin haruffa wajen kunnawa, suna bin yadda aka rubuta fayilolin a memori ne, wanda ya fara shiga shi ke fara fitowa. Ga waƙa wannan ba wani abu ba ne, amma ga karatu mai darasi na ɗaya, na biyu, na uku, ko surori 114 da kake son su bi juna, abin yana ɓata rai. Da farko ka sa lamba mai sifili a gaban kowane suna: 001, 002, 003, har 114. Idan ka rubuta 1, 2, 10 ba sifili, na'ura za ta kawo 10 kafin 2. Idan duk da haka jerin bai daidaita ba, akwai ƙaramar manhaja mai suna fatsort. Ka ɗora ta da:

sudo apt install fatsort

Sai ka buɗe "Disks", ka zaɓi memorin, ka danna alamar murabba'i don kwamfutar ta sake shi ba tare da ka cire ba, sannan ka rubuta:

sudo fatsort /dev/sdb1

Ka sauya sdb1 da sunan da lsblk ya nuna maka. Umarnin ba ya taɓa waƙoƙin kansu, jerin sunayensu kawai yake gyarawa, amma dai ka tabbata kana da kwafinsu a kwamfuta kafin ka yi.

Kashi na biyu: wayar Android da masu MTP

A da, wayoyin Android suna buɗewa ne kamar filas. Matsalar ita ce muddin kwamfuta na riƙe da memorin, ita wayar ba ta iya taɓa shi. Daga Android 3.0 a 2011 aka fara komawa MTP, tsarin da Microsoft ya ƙirƙira tun farko domin na'urorin waƙa. A wannan tsari kwamfuta ba ta shiga ma'adanar kai tsaye. Tana roƙon wayar ne ta karɓi fayil ko ta miƙo, wayar ce ke yin rubutun. Wannan ne dalilin da ya sa ba ka ganin wayarka a lsblk.

Ga matakan, ko Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ko Redmi. Cire makullin allon wayar kafin ka jona. Bayan ka jona, ja allon daga sama, za ka ga sanarwar da ke cewa wayar tana caji ta USB. Danna ta, ka zaɓi "File Transfer", a wasu wayoyin kuma "MTP" aka rubuta. Sunan wayar zai fito a "Files". Buɗe shi, shiga "Internal storage" ko "SD card", ka nemi folda "Music" ka liƙa.

Idan sunan wayar ya fito amma cikinsa fayau, allon a kulle yake ko ba ka zaɓi "File Transfer" ba. Idan bai fito ba sam alhali lsusb na ganinta, ƙila manhajar da ke fassara MTP ce babu. Ɗora ta da:

sudo apt install gvfs-backends mtp-tools

Sai ka kashe kwamfutar ka kunna. Ka kuma lura cewa manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe na'urar MTP a lokaci guda. Idan manhajar waƙa irin Rhythmbox tana buɗe, tana iya riga "Files" kama wayar, sai ka ga saƙon kuskure. Rufe ta, cire kebul, sake jonawa.

MTP yana tura fayil ɗaya ne bayan ɗaya, kuma yakan maƙale idan aka jibga masa dubban fayiloli. Ka riƙa turawa folda-folda. Idan waƙoƙin suna da yawa kuma wayar tana da memori na waje, ya fi sauri ka ciro memorin ka sa shi a kad rida, ka bi matakan kashi na farko. Wannan ba zai yi aiki ba idan tun farko ka saita memorin ya zama ma'adanar cikin waya, domin Android takan kulle irin wannan memori yadda wayar nan kaɗai ke iya karanta shi. Idan kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, kada ka yarda ka yi masa fomat, mayar da shi cikin wayar.

Wasu na'urorin MP3, kamar Sansa Clip na kamfanin SanDisk, suna da tsarin biyu. A saitinsu akwai "USB Mode", inda za ka zaɓi MSC ko MTP. A Linux zaɓi MSC, shi ne mai buɗewa kamar filas. Waƙoƙin da aka tura a ƙarƙashin MTP ba za su bayyana a kwamfuta ba idan kana MSC, amma suna nan, ba su ɓace ba.

Kashi na uku: iPod

Apple ya fitar da iPod na farko a Oktoban 2001, ya daina iPod classic a 2014, ya kuma rufe babin iPod gaba ɗaya a Mayun 2022. Duk da haka har yanzu ana samun na hannu, kuma masu son sauraro ba tare da kira ko saƙo ya katse su ba suna neman sa.

iPod yana buɗewa a Linux kamar filas, kuma nan ruɗin yake. Idan ka jefa masa MP3 kai tsaye, fayil zai shiga, zai ci wuri, amma ba za ka gan shi a jerin waƙoƙi ba. iPod ba ya duba folda, yana karanta wani kundi ne mai suna iTunesDB, wanda ke ɗauke da sunan kowace waƙa da inda take. Waƙoƙin kansu suna cikin iPod_Control/Music, a foldoji masu suna F00, F01, F02, kowace waƙa an sauya mata suna zuwa haruffa huɗu marasa ma'ana. Duk waƙar da ba a rubuta ta a kundin ba, a wurin iPod babu ita. Apple kuma bai taɓa fitar da iTunes na Linux ba.

Manhajar da ke rubuta wannan kundi a Linux ita ce Rhythmbox. Idan babu ita a kwamfutarka:

sudo apt install rhythmbox rhythmbox-plugins

Kafin komai, kwafe foldar iPod_Control gaba ɗayanta zuwa kwamfuta. Ko da sunayen fayilolin sun rikice, sunan waƙa da na mawaƙi suna rubuce a cikin kowane fayil, kuma Rhythmbox zai nuna su daidai. Bayan haka buɗe Rhythmbox, ka shigo da waƙoƙinka daga foldar "Music", ka jona iPod. Sunansa zai fito a hagu. Ja waƙoƙin ka saki a kan sunan, ka jira su gama, ka fitar da shi ta cikin Rhythmbox ɗin kafin ka cire kebul. Akwai wata manhajar mai suna Strawberry da ita ma take wannan aikin.

Idan Rhythmbox ya ce ba zai iya rubutu ba, duba tsarin ma'adanar a "Disks". iPod da aka fara amfani da shi a kwamfutar Mac yana kan tsarin HFS+, wanda Linux takan buɗe don karantawa kawai. Wanda aka saita a Windows kuma yana kan FAT32, shi ne mai sauƙi. Don sauyawa, sai ka samu kwamfuta mai Windows da iTunes ka yi masa "Restore" sau ɗaya. Wannan yana goge komai, shi ya sa muka ce ka fara kwafewa. Kada ka yi wa iPod fomat da "Disks".

Ba kowane iPod ne ke karɓar wannan hanya ba. Tsofaffin irin su iPod mini, iPod Video da nano na farko-farko suna aiki sumul. Amma a nano na ƙarni na shida da na bakwai Apple ya sauya makullin kundin, don haka su sai da iTunes ko kwamfutar Mac.

Akwai kuma hanyar rabuwa da kundin baki ɗaya, wato Rockbox. Manhaja ce ta kyauta da ake ɗora wa na'urar kanta, tana aiki a iPod Video, iPod classic, iPod mini da Sansa Clip. Bayan ka ɗora ta, iPod ya koma kashi na farko: ka jefa waƙa a folda, ta kunna, har da FLAC da Ogg waɗanda manhajar Apple ba ta karantawa. Ana ɗora ta da "Rockbox Utility", wanda ke da na Linux, kuma dole iPod ɗin ya kasance kan FAT32. Ka duba sunan na'urarka a jerin waɗanda Rockbox ke ɗauka kafin ka fara.

iPod touch da iPhone lamarinsu daban. Daga Linux ba za ka iya sa waƙa cikin manhajar "Music" ta Apple ba. Abin da ke aiki shi ne VLC. Ɗora shi daga App Store, shiga "Network", kunna "Sharing via WiFi". Zai ba ka adireshi mai lambobi. Rubuta adireshin a Firefox na kwamfutarka, muddin su biyun suna kan Wi-Fi ɗaya, ka ja waƙoƙin ka saki a shafin da ya buɗe. Za ka riƙa sauraren su a cikin VLC.

Waƙa ta shiga amma ta ƙi kunnuwa

Idan fayil yana cikin na'ura amma ta tsallake shi ko ta ce ba ta gane shi ba, duba ƙarshen sunansa. Waya tana kunna kusan komai, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Ƙaramin MP3 kuwa abin da ya sani shi ne .mp3, wani lokaci da .wav ko .wma. Saƙon murya na WhatsApp .opus ne, waƙoƙi da yawa kuma .m4a ne ko .flac. Sauya sunan daga .opus zuwa .mp3 ba ya sauya abin da ke ciki, sai an juya fayil ɗin da gaske.

Mai son dannawa ya ɗora SoundConverter:

sudo apt install soundconverter

Ka zuba fayilolin, ka zaɓi MP3 a saiti, ka danna "Convert". Mai son umarni kuma ya ɗora ffmpeg. Don juya fayil ɗaya:

ffmpeg -i karatu.opus -b:a 128k karatu.mp3

Lambar 128k ita ce ingancin sauti, kuma ita ke nuna yawan wurin da fayil zai ci. A 128k, minti ɗaya yana cin kusan 1MB, wato waƙar minti huɗu kusan 4MB, memori mai 8GB zai ɗauki kimanin waƙa 2,000. A 320k, minti ɗaya yana cin 2.4MB. Ga magana zalla, kamar lacca ko karatu, 64k ya wadatar, awa guda ba za ta wuce 29MB ba. Ɗaga lambar ba ya gyara sautin da tun asali ba shi da kyau, wuri kawai zai ƙara ci.

Waƙoƙin da ka sauke a cikin Spotify don saurare ba intanet a kulle suke, manhajar kaɗai ke buɗe su, kuma babu juyin da zai sa su kunnu a MP3. Abin da za ka iya turawa shi ne fayil ɗin da ka saya, ko wanda mawaƙin ya saki kyauta, ko wanda ka naɗa da kanka.

Wata matsalar ita ce na'ura ta nuna "Unknown Artist" ko ta cika allo da alamun tambaya. Sunan waƙa da na mawaƙi suna cikin wani ɗan ɓangare na fayil da ake kira ID3. Tsofaffin na'urori sun fi gane ID3v2.3 a kan ID3v2.4. Da manhajar EasyTAG za ka iya gyara sunayen, ka kuma zaɓi 2.3 a saitinta. Game da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kwamfuta da waya suna nuna su daidai, amma ƙananan MP3 da allon rediyon mota da yawa ba su da su, sai su nuna akwati ko su bar gurbi. Gwada da waƙa ɗaya. Idan na'urar ba ta nuna su ba, yi amfani da k, d, b a kwafin da za ka tura mata, ka bar na kwamfuta da rubutunsa na daidai.

Gwada memori kafin ka amince da shi

Akwai jabun memori a kasuwa wanda aka rubuta masa 64GB, kwamfuta ma ta nuna 64GB, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Alamarsa ita ce waƙoƙin farko suna kunnuwa lafiya, waɗanda ka tura daga baya kuma duk sun lalace, ko folda ta koma wasu baƙaƙen alamu. Mutane sukan ɗora laifin a kan Linux ko a kan cutar kwamfuta. Linux tana da manhajar gwaji mai suna f3:

sudo apt install f3

f3write /media/musa/WAKOKI

f3read /media/musa/WAKOKI

Ka sa naka adireshin a maimakon wannan. Umarni na farko zai cika wurin da babu komai da fayilolin gwaji, na biyu ya karanta su ya gaya maka nawa ne suka dawo lafiya, nawa suka lalace. Ya fi kyau ka yi gwajin tun memorin yana sabo ba komai a ciki, ranar da ka saya, don ka samu damar mayar wa mai shago. Bayan ka gama, goge fayilolin da suka ƙare da .h2w.

Idan babu kebul mai kyau

Ga waya, kana iya barin kebul gaba ɗaya. Manhajar LocalSend kyauta ce, tana da ta Linux, Android, iPhone da Windows. Ɗora ta a waya da kwamfuta, ka kunna hotspot na wayar, ka haɗa kwamfutar da shi, kowace za ta ga 'yar'uwarta. Fayilolin suna bi ne ta tsakanin na'urorin biyu kai tsaye, turawar ba ta cin data. Ka dai kashe datar wayar a lokacin, don kada kwamfutar ta samu intanet ta fara sauke sabuntawa.

A taƙaice, duk lokacin da na'ura ta ƙi, bi wannan jeri: fara da kebul, ka duba lsusb da lsblk don sanin kashinta, ka kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta kafin ka gyara komai, ka tura waƙa ɗaya ka gwada kafin ka tura dubu, sannan ka danna alamar fitarwa kafin ka cire. Fomat shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai bayan ka tabbata kana da kwafi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.